SALLAR YARAN DA IYAYENSU SUKA RABU: GIDAN BABA KO WAJEN UMMA?

'Yan uwana mata manya da ƙanana, musamman ƙannena 'yan makaranta masu damuna da tambayar yaushe littafina na gaba zai fito, ku ƙara haƙuri, yana nan tafe in Allah Ya yarda. Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, kodayake in an bi salsala abin da zan faɗa ɗin ma daga soyayya ya faro, tunda babu auren da ya mutu wanda ba a rangaɗa guɗa ranar da aka ɗaura shi ba. Magana ce a kan yaran da iyayensu suka rabu, da yadda Sallah take zuwar musu. Na daɗe ina so in taɓo ta ina fasawa, domin ta shafe ni, kuma kun san 'yar Bahaushe da kunyar faɗin abin cikin gidansu. Sai da na je na durƙusa na nemi izinin Ummata, ta yi shiru can ta ce, "Ki rubuta, in dai wani yaron zai amfana."

A shekarar 2009 auren iyayena ya mutu, saura kwanaki kaɗan a ɗauki azumi. Ina da shekara tara, ƙanwata tana da shida, autanmu kuwa yana goye ko yaye shi ba a yi ba. Kamar yadda aka saba a garin nan namu na Kano, Umma ta koma gidan iyayenta a cikin birni da na bayanta, mu biyu kuma aka bar mu a gidan Baba a Kurna wajen abokiyar zamanta da muke kira Anti. Kada ku tambaye ni wane ne mai laifi, wallahi har yau ban sani ba, kuma na daina son in sani.

Abin da na sani shi ne, kowace shekara azumi yana kai goma Baba zai miƙa wa Umma kuɗi ta shiga Kantin Kwari ta yanko mana atamfa da leshi ta kai wa tela, ta biya Kasuwar Sabon Gari ta haɗo takalma da 'yan kunne da awarwaro. To a wannan shekarar Baba ya ɗauka Anti za ta yi, Anti tana ganin ba a sa ta ba, kuma tana tsoron ta zaɓa a ce ta zaɓa wa 'ya'yan kishiya mai arha, Umma kuwa tana can tana cewa wanda ya karɓe 'ya'ya ai ya san da zuwan Sallah. Kowa ya yi gum da bakinsa. Mu kuma yara muna ta lissafin kwanaki, muna ganin 'yan layinmu suna dawowa daga wajen tela da ƙunshi a leda. Sai ranar 27 ga azumi Gwaggo, yayar Baba, ta zo shan ruwa gidanmu, ta jawo ni jikinta ta ce, "Ke wace kala aka ɗinka miki bana?" Na sunkuyar da kai, hawaye ya ba ta amsa.

Duk wadda ta san telolin Kano a goman ƙarshe ta san ko kuka za ki yi musu da jini ba za su karɓi sabon ɗinki ba, waɗanda suka karɓa tun farkon wata ma suna ta ɓuya. Daren jajibere Baba ya ɗauke mu a babur zuwa Sabon Gari, aka saya mana 'yan kanti cikin turmutsitsi. Tawa rigar ta yi mini yawa har tana share ƙasa, takalmin ƙanwata kuma ya matse ta, kafin a sauko daga idi ya yi mata ƙanta a dunduniya. Babu kitso, babu lalle, sai Anti ta kama mana kai gida biyu ta ɗaura mana ɗankwali.

Amma fa ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Kaya ai kaya ne. Tun da safe muke tambaya, "Baba yaushe za a kai mu wajen Umma?" Ya ce in an sauko idi. Aka sauko, ya ce bari baƙi su ragu. Da la'asar hadari ya haɗo, don Sallar ta faɗo ne a watan Satumba ƙarshen damina, ya ce sai gobe. Gobe ta yi, abokansa suka zo suka tafi kallon hawa da shi. Ba mugunta ce ta sa shi ba, yanzu da na girma na gane nauyin zuwa ƙofar gidan tsofaffin surukai ne yake ji, kuma bai tanadi wanda zai kai mu ba. Sai ranar uku ga Sallah Gwaggo ta zo da kanta ta ɗebe mu a adaidaita sahu.

Muna shiga na tarar da langa biyu a rufe a kan kwabar kakarmu, tuwon shinkafa da miyar taushe ne Umma ta zuba mana tun ranar Sallah, kullum sai ta ɗumama ta mayar, har ya soma tsami aka zubar aka sake wani. A gefe ga lalle a ƙoƙo da ta kwaɓa tun jajibere ya bushe ya tsattsage. Ni 'yar fari ce, Umma ba ta faɗin sunana, ba ta kuma jawo ni jiki a gaban mutane saboda kara. Ta ɗaga ƙanwata sama tana juyi da ita, ni kuwa sai ta dube ni daga sama har ƙasa, ta dubi rigar nan da ke jan ƙasa, ta ce, "Ke, miƙo mini allura da zare a cikin gwangwanin can." Ta zauna tana naɗe bakin rigar a jikina, ina jin ɗigar wani abu mai ɗumi a ƙafata. Ba ta ɗago ba har ta gama.

To 'yan uwa, ku duba fa, a duk labarin nan babu wanda ya zage mu, babu wanda ya doke mu, kuma ba rashin kuɗi ba ne. Rashin magana ne kawai tsakanin manya, da kuma fafe gora ranar tafiya. Gidaje nawa ne a Kano, a Zariya, a Katsina, a Sakkwato da wannan abu yake faruwa duk shekara sau biyu? Mutuwar aure ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ita ce ta sa gwamnatin Kano tare da Hukumar Hisba suka fara auren zawarawa a 2012 da ma'aurata 100, a watan Oktoba na 2023 kuma aka ɗaura na mutum 1,800 da angwayensu, zawarawa da 'yan mata. Ana ta maganar gado da katifa da sadaki, madalla, amma ni duk lokacin da na ji an ce bazawara, abin da yake faɗo mini shi ne, ina 'ya'yanta za su ci tuwon Sallah? Tun a 1990 babbar yayarmu a rubutu Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta nuna mana a littafinta Alhaki Kwikwiyo Ne yadda aka kori mace da 'ya'yanta tara, kuma har yau muna nan muna ganin irinta a unguwanninmu.

Kafin in gaya muku yadda aka gyara tamu, bari in ɗan taɓo abin da na koya a Islamiyya, don da yawa muna cakuɗa al'ada da addini. Mu a nan abin da aka saba, da zarar an yaye yaro uba zai aiko a ɗauko masa abinsa. Amma a littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu na mazhabar Malikiyya, uwa ce take da haƙƙin riƙon ɗanta bayan saki, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta yi wani auren, riƙon yana komawa wajen kaka ta wajen uwa, daga ita sai 'yar uwar uwa. Ci da sha da sutura kuwa a wuyan uba suke, ko a ina yaron yake kwana. Haka zakkar fidda kai, mudun Annabi huɗu na abincin da aka fi ci a gari a kan kowane mutum, uba ne zai fitar wa ƙananan 'ya'yansa tunda shi ne mai ciyar da su, ba wai don suna hannun uwarsu ta faɗi a kansa ba. A cikin Suratul Baƙara aya ta 233 Allah Ya hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, Ya hana a cutar da uba ta hanyar ɗansa. Ni ba malama ba ce, mai rigimar riƙo ta je wajen malamai ko alƙali. Na kawo ne kawai don wanda yaro yake hannunsa ya daina ganin kamar alfarma yake yi in ya bari an kai shi gaida ɗaya ɓangaren.

Yanzu ga yadda Gwaggo ta yi, Allah Ya saka mata da Aljanna. Babbar Sallah ta wannan shekarar ta zo a ƙarshen Nuwamba, sanyi ya fara busawa. Ana ganin watan Zulhajji ta sa mayafinta ta tafi cikin birni, ba wajen Umma ba, wajen Kawu yayan Umma. Ta ce masa, "Malam, su biyun nan ba za su iya haɗa ido ba, kuma ba na so a tilasta musu. Ni da kai mu zauna mu raba kwanakin nan." Kawu ya ce, "Hajiya kin riga ni ne kawai." A zaure suka gama magana cikin abin da bai fi rabin awa ba, kowa ya koma ya gaya wa nasa. Baba da ya fara gunaguni ta ce masa, "Ban zo neman shawararka ba, sanar da kai na zo yi." Ya ce, "To Yaya." Shi ke nan.

Tsarin da suka yi shi muka bi har na gama sakandare. A Ƙaramar Sallah, ana saura kwana biyu Kawu zai zo ya ɗauke mu, mu kwana wajen Umma ta yi mana kitso da ƙunshi, don wannan aikin uwa ne kuma babu mai yi wa yarinya shi da haƙuri kamarta. Ranar jajibere da yamma ya mayar da mu, mu tafi idi da Baba, mu ci tuwon Sallah a gidansa, mu zaga danginsa. Washegari da hantsi Gwaggo ta kai mu cikin birni, ranar Hawan Daushe ke nan, mu yi kallo tare da 'ya'yan Kawu mu kwana biyu. A Babbar Sallah kuwa ranar yanka da washegari muna gidan Baba, don yaro ba ya yafe kallon fiɗar rago da gashin kai da ƙafa, sai rana ta uku mu tafi wajen Umma. Kuɗin ɗinki tun azumi yana biyar Baba yake ba Gwaggo, ita take shiga Kwari da mu, mu nuna wadda muke so da hannunmu.

Ba na cewa kowa ya kwafi namu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wata uwar tana Kaduna ko Jos, ba za a yi ta safa da marwa da yara a kan titi cikin kwana uku ba, sai a ce Ƙarama a can, Babba a nan, baɗi a juya. Wani yaron a hannun kaka yake, gida uku ke nan zai zaga. Amma akwai abubuwa a dabarar Gwaggo da na ga suna aiki a ko'ina. Ta nemo masu shiga tsakani daga kowane ɓangare waɗanda ake jin nauyinsu, ba ta ce sai tsohon miji da tsohuwar mata sun yi waya ba, don waya ɗaya tana iya tono rigimar shekara goma. Ta ambaci wanda zai kai da wanda zai ɗauko da lokacin, ba ta bar shi a "za a kawo su" ba, domin "za a" ba shi da ƙafa. Sannan ba ta ƙulla da ranakun mako ba. Kun san azumi yana iya yin 29 yana iya cika 30, sai an ji sanarwar Sarkin Musulmi, in kin ce ranar Asabar za a kawo su, wata ya ƙi tsayawa, Asabar ɗin ta zama ranar idi, rigima sabuwa. Sai ta ce "washegarin Sallah", ko yaushe ta kama. Babbar Sallah ta fi sauƙi, tunda da an ga wata an san ranar goma.

Kuma a gaya wa yaran. Wannan shi ne abin da manya suka fi mantawa. Yaro ɗan shekara shida yana iya haƙurin kwana biyu in ya san ranar, yana ƙirgawa da yatsunsa, abin da ba ya iya ɗauka shi ne "anjima" da ba ta zuwa. In kuma wani abu ya gitta, a kira shi a faɗa masa gaskiya, a sa masa wata ranar. Kada ma a rataye alƙawarin duka a wuyan kallon hawa, don a 2020 annobar korona ta hana hawa, a Babbar Sallar 2024 da Sallolin 2025 kuma 'yan sanda sun hana shi a Kano saboda rikicin sarauta. Yaron da aka ce wa za a kai shi wajen uwarsa ya ga dawakai, in babu dawakai ai uwar tana nan. Ga Gidan Zoo, ga gidajen dangi, ga ma tsakar gida da tabarma da cincin a faranti.

Maganar nama tana da ɗan sarƙaƙiya, ku bari in ba ku dariya. Shekarar farko Baba ya rasa yadda zai yi, in ya aika wa Umma da nama a ce yana bikon ta ne, Anti ta ɓata rai, in bai aika ba mu tafi hannu rabbana. Gwaggo ta yanki cinya guda ta sa a kwano ta ce, "Wannan na tsohuwa ne, ku ce jikokinta ne suka kawo mata." Muka kai wa kakarmu, ta buɗe ta ce, "Kai, kishiyoyina sun yi abin kai bana," ta kunto bakin zaninta ta ba mu tukuici 'yar murtala kowa. Kowa ya san inda naman zai ƙare, babu wanda ya ji kunya. Daga wajen Umma kuma in za mu koma, sai a ƙullo dubulan da nakiya a ce na ƙannenmu ne 'ya'yan Anti.

Yanzu bari in juyo kanku ƙannena 'yan mata, don na san wasunku suna karantawa suna cewa wannan ai matsalar zawarawa ce. A'a. Cikinku akwai wadda baɗi war haka za ta tare a gidan mai 'ya'ya uku da uwarsu ta fita. Alhajin nan mai mota da yake zuwa zance yana kawo miki toshin Sallah, kin tambaye shi wa ya ɗinka wa 'ya'yansa? Ranar da kika zama matar uba, Sallar farko ita ce jarrabawarki, unguwa duka ido za ta zuba. Shawarata, kada ki jira a sa ki, kuma kada ki yi gaban kanki. Tun farkon azumi ki ce, "Alhaji, kayan yaran nan fa, wa zai shiga kasuwa?" In uwarsu tana so ta zaɓa, ki bar mata, ba raini ba ne. In anko za ki yi wa naki, ki yanko har da su, turmi ɗaya tela ɗaya. Wallahi babu abin da yake ƙona zuciyar yaro kamar a jera a ɗauki hoto, kowa shuɗi shi kaɗai ja. Zai manta abin da ya ci ranar, amma hoton yana nan a bango shekara ashirin.

Antina, in faɗi gaskiya, ba muguwa ba ce, yarinya ce a lokacin, shekarunta ba su kai nawa na yanzu ba. Kuskurenta guda da na riƙe shi ne, in za mu tafi wajen Umma sai ta ce mu tuɓe kayan Sallah mu sa na gida, wai kada a ɓata su ko a riƙe a can. Haba Anti! Ai don Umma ta gani muke son kayan. Sai da Gwaggo ta ji ta tsawatar. Su ma iyaye mata suna da irin tasu, wata in ta ɗinka wa yaro kaya sai ta ce kada ya kuskura ya kai su gidan ubansa matar uba ta ba 'ya'yanta. Kayan na yaro ne, a bar shi ya sa inda ya ga dama. In kuma ya yi sa'a ya samu kala biyu, ɗaya daga nan ɗaya daga can, kada a tsare shi da tambayar wanne ya fi kyau, wanne zai sa zuwa idi. Ya sa na gidan da ya kwana, gobe ya sa ɗayan. Kuɗin barka da Sallah da ya tara a dangin uwarsa ma kada a karɓe a gidan uba da sunan ajiya, ajiyar da muka sani ba ta dawowa.

Ke kuma 'yar uwata bazawara, na san zafin da kike ji, na gan shi a idon Ummata. Amma don Allah in yaran sun zo miki kwana biyun nan, kada ki mayar da su 'yan rahoto. "Me ta dafa? Ya saya mata leshi? Ɗakina wa aka ba?" Yaro yana amsawa ne cikinsa yana ƙugi, don ya san in ya koma can ma za a tambaye shi, wa yake zuwa zance wajen uwarku? Haka za ki ga yarinya ta koyi ƙarya tun tana 'yar shekara bakwai, ba don halinta ba ne, don ta kare kowa. Kada kuma ki ba shi saƙo, "Ka gaya wa ubanka kuɗin makaranta." Wannan aikin Kawu ne da Gwaggo. In kin ga an yi wa yaran ba daidai ba, ƙeya duk amosani ko kaya sun yage, ki haɗiye har su tafi, sannan ki kira mai shiga tsakani. Kuka ma in ya zo a shiga ɗaki. Ƙanwata ta daɗe tana ƙin cin abinci ranar komawa, ashe gani take in ta tafi ita ce take sa Umma kuka.

Akwai wanda ban ambata ba, kuma shi ya fi ba ni tausayi, wato agola. Yaron da ya bi uwarsa gidan wani mijin, ranar Sallah mai gida ya jera 'ya'yansa a mota za a tafi gaida danginsa, shi yana raɓe a bakin ƙofa bai san ko da shi ba. Uwar kuma kara ta hana ta magana. Irin wannan yaron shi ya fi kowa bukatar a san ranar da dangin ubansa za su zo su ɗauke shi, kuma su zo ɗin. In uban ya yi watsi da shi, kakanni da baffanni ba su da uzuri. Mijin uwa kuma da zai ce "Kai ma shigo mana, me kake jira?" bai san girman abin da ya yi ba. Umma ta yi aure ina aji biyu na sakandare, autanmu ya bi ta, kuma Allah Ya haɗa shi da mutumin kirki, shadda ɗaya yake yanka musu da 'ya'yansa har hula. Baba da ya ji, sai ya fara aika kuɗin ɗinkin tun Sha'aban don kada a riga shi. Wannan gasar kam ban ƙi ta ba.

In nisa ya hana zuwa gaba ɗaya, yanzu ai Allah Ya kawo sauƙi, ba kamar lokacinmu da sai dai a ari wayar Kawu a yi minti biyu ba. A kira ta WhatsApp a ga juna, yarinya ta juya ta nuna ɗinkinta da lallenta. Sai dai a ba yaro wayar ya shiga ɗaki, kada a tsaya masa a ka ana kasa kunne. Kuma da safe, kafin a fita yawo, ba sai dare ya yi yaro yana gyangyaɗi ba.

Abu ɗaya da zan roƙa da babbar murya, kada a tura yara su kaɗai daga wannan gida zuwa wancan don gudun haɗuwa. Duk Sallah sai mun ji cigiyar yara a gidajen rediyo, ga cunkoso, ga masu adaidaita suna gudu kamar za su tashi sama. Mafi muni, gidan uba suna zaton yaro yana wajen uwa, uwa tana zaton ba a sako shi ba, sai bayan isha'i a gane babu shi a ko'ina. Wanda ya kai yaro ya damƙa shi hannu da hannu, ya kuma buga waya ya ce mun iso. A rubuta lambar waya a takarda a sa wa ƙananan a aljihu.

Ku kuma 'yan uwana da kuke cikin wannan hali yanzu haka, kuna makarantar kwana ana ta murnar hutun Sallah ku kuna tunanin wace ƙofa za ku fara shiga, ku sani ba ku kuka kashe auren ba, kuma son Umma ba cin amanar Baba ba ne. In ke ce babba, kina iya abin da ni ban iya ba ina shekara tara. Ki nemi gwaggo ko kawu ko kaka da kika san ana jin maganarta, tun azumi bai yi nisa ba, ki ce mata cikin ladabi, "Gwaggo, bana yaya za a yi da mu?" Sau da yawa manyan suna so, wanda zai fara ne babu.

Gwaggo ta tsufa yanzu, ƙafa ta hana ta shiga kasuwa. Azumin da ya wuce wata ƙawata da muka gama makaranta tare ta zo mini ido jawur, aurenta ya mutu, 'yan biyunta mata suna gidan ubansu a Hotoro, ga shi azumi ya kai takwas ba ta ji motsin komai ba. Na tambaye ta ko mijin yana da yaya mace, ta ce yana da ita, kuma suna gaisawa. Na ce ta tashi ta sa hijabinta. Muka tsaya a bakin titi muka sayi lemo da kankana na shan ruwa, muka tare adaidaita. A hanya tana ta cewa me za ta ce, na ce ke dai ki gaishe ta ki yi shiru, ni zan yi bayani. Ranar 28 ga wata da daddare ta turo mini hoto, ƙafafu huɗu ƙanana a ɗaure cikin leda an jera su a kan tabarma, lalle yana kamawa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. A gaida mini su Umma, a gaida su Baba, a yi Sallah lafiya.